Hoton Kan Malam

Litinin, da hantsi

Yau aka fara kiran mutanenmu na farko, waɗanda muka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu shekarun baya, su dawo a sake ɗauka. Aikin dai shi ne wanda na saba. Mutum ya zauna ya amsa tambayoyi a kan halinsa, mai saurin fushi ne ko mai sanyi, mai tausayi ne, mai son shiga jama'a ne, sannan ya kwanta cikin na'ura, mu kuma mu duba ko halin ya bar wata alama a cikin kai. Farfesa, shugaban binciken, yana so ya ga abin da shekaru suka canja.

Malam, maigidana, yana cikinsu. Ni na kawo shi wancan karon da muka rasa maza masu shekarunsa. Tun daga gida har ƙofar ofis yake tsokanata, wai dabara ce na yi don in leƙa in ga ko akwai wata a ciki bayan ni. Da aka gama, yarinyar da ta yi masa tambayoyin ta same ni ta ce, "Anti, mijinki ya ƙure mana ma'aunin tausayi." Na yi ta dariya, na ce ai a gida mun daɗe da sani.

Jiya na gaya masa an sake kiransa. Ya ce to. Bai ɗago daga wayarsa ba.

Laraba, bayan la'asar

Shugaban makarantarsu ya kira ni. Ya yi ta gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya sake tambayar gida, har na gane magana ce mai nauyi. Wai Malam ya shiga aji ya tarar da wata ɗaliba tana kuka, kwanan nan mahaifinta ya rasu, sai ya ce mata in ta gama ta share allo. Wai kuma sau da yawa ana ganinsa yana ɗaukar abincin yara a kan tebur yana ci. Shugaban ya ce su dai sun san Malam, mutumin da ya koyar da rabin malaman da ke wurin, don haka ba su rubuta komai ba. Suna ganin ya ɗan huta tukuna.

Na ce na gode. Na ce gajiya ce.

Da na dawo na tambaye shi. Ya ce allon ya yi datti ne. Ba fushi a muryarsa, ba kunya, kamar na tambaye shi ko an kawo wuta. Ya wuce kicin na ji yana buɗe gwangwanin sukari.

Alhamis, da azahar

Lafiya lau. Na yi aiki.

Asabar, da safe

Na kira 'yar farinmu. Ta ɗauka, mun gaisa, jikinta da sauƙi, ta fara fita. Ina cewa babanki, ta ce, "Umma, don Allah." Sai na bari.

Tun ranar asibiti, ranar da ta rasa cikin, ba ta tako gidan nan ba. Ban ga laifinta ba. Ina wurin, na ji da kunnena. Ita kuma tun tana ƙarama shi ne nata. Shi ke tsefe mata kai in ina aiki, shi ke kwana a kujera in zazzaɓi ya kama ta, sunan mahaifiyarsa gare ta, Mamana yake ce mata ko a gaban baƙi. In wani ne ya yi mata abin nan da tuni ta manta.

Har yanzu a tsohon ɗakinta nake kwana. Akwatina yana ƙarƙashin gadon, rabi a cike. Ban ƙarasa ba, ban kuma kwashe ba. Kwanaki na duba wayarsa ina neman sunan mace. Babu kowa. Wasan jera ƙwallaye ne kawai, shi yake ta bugawa. Na zauna bakin gado ina riƙe da wayar, kuma wallahi da na sami macen da na fi samun sauƙi.

Talata, da yamma

An ɗauka yau.

Dokarmu ce ba a taɓa aikin ɗan'uwa, don haka na raka shi ƙofa na koma baranda na zauna a bencin masu jira. Ban taɓa sanin bencin nan yana da tauri haka ba. Daga nan ana jin bugun na'urar ta bango, ƙwas ƙwas ƙwas, sai ta canja murya ta koma kamar injin niƙa. Na san kowane sauti, na san abin da take ɗauka a kowane lokaci. Na ƙirga tayil ɗin ƙasa, na ɓata, na sake.

Abokin aikinmu Dogo ne a kan na'ura. Dogo ba ya fitowa daga ɗakin nan sai da barkwanci a bakinsa, ko tsohuwa ce sai ya ce mata ya ga ƙwaƙwalwar budurwa. Yau ya fito ya ce, "Hajiya, an gama," ya tsaya yana gyara igiyar katin wuyansa. Na ce ya kwanta lafiya? Ya ce ƙwarai, ko motsi bai yi ba. Sai ya ce ana kiransa a ciki. Ba wanda ya kira shi.

A mota na tambayi Malam yadda tambayoyin suka kasance. Ya ce irin na da ne. Na ce me ka ce da aka tambaye ka ko damuwar wasu tana damunka? Ya ce, "Na ce sosai." Ya kunna rediyo.

Laraba, da hantsi

Ban tambayi kowa komai ba. Ba wanda ya gaya mini komai. A wurin shan shayi an yi shiru da na shiga, ko kuma ni na ji haka.

Juma'a, da yamma

Taron mako. Muna zaune a ɗakin duhu, Farfesa yana wuce hotuna a allo ɗaya bayan ɗaya. Babu suna a jikinsu, lamba ce kawai, kuma an ce an cire nasa daga jerin da zan gani. Wani ya yi kuskure. Ba zan nemi sanin wa ba.

Hoton gefe ne ya fito, irin wanda ake ganin mutum kamar an raba shi tsakiya, goshi, hanci, leɓe, haɓa. Hancin na fara gani. Akwai ɗan ƙusumbi a tsakiyarsa, inda ƙofar aji ta taɓa buge shi tun muna sabon aure. Na san hancin nan a duhu. 'Yar fari ma shi ta ɗauko, ban da ƙusumbin.

Sai idona ya hau sama.

Bayan goshi, inda ya kamata nama ya cika ya matse, ninki a kan ninki, akwai fili. Ramukan sun buɗe, sun yi faɗi, baƙi ya shiga tsakaninsu. Ɓangaren dama ya fi. Na koyar da ɗalibai wannan hoton a littafi. Na san sunan ciwon. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Farfesa ya danna ya wuce da sauri, ya yi tari, ya fara magana a kan na gaba. Na zauna har aka tashi. Har na yi tambaya a kan wani abu, ban tuna mene ne ba. Da kowa ya fita ya rufe ƙofa ya zauna kusa da ni, ba a kujerarsa ba. Ya ce da ma yau yake shirin kirana. Ya ce shi ba likitan marasa lafiya ba ne, hoto kuma ba hukunci ba ne, ya riga ya yi magana da wata Likita, za ta gan mu ran Litinin. Duk abin da ya faɗa, ni ma shi nake faɗa wa iyalan mutane. Na ce na gode, Farfesa. Ya ce in tafi gida. Na tafi kanti na sayo sabulu.

Asabar, da azahar

Na kwashe kayan akwatin na mayar cikin kabad.

Lahadi, bayan magariba

Ya zauna a falo yana kaɗa ƙafa yana buga hannun kujera da yatsa, sau uku, ya tsaya, sau uku. Watanni ina jin bugun nan yana ci mini rai, ina cewa da gangan yake yi. Yau na zauna na saurara kawai.

Litinin, bayan la'asar

Likita mace ce mai sanyin murya. Ta sa shi ya zana agogo, ya zana daidai. Ta ba shi lissafi, ya amsa tun ba ta rufe baki ba, har ya gyara mata tambayar. Kwanan wata, sunan unguwa, abin da ya ci da safe, duk bai ɓata ba. Sai zuciyata ta fara cewa ko dai.

Sannan ta nuna masa hotunan fuskoki. Wata mata tana kuka, ta ce me wannan take ji? Ya duba ya ce tana da ɗankunne. Wani mutum a tsorace, ya ce bai yi aski ba. Ta ce masa, "Malam, matarka tana cikin damuwa. Ka lura?" Ya juyo ya dube ni, duba na sosai, daga sama har ƙasa. Ya ce, "Ta saka gilashinta na karatu."

Gaskiya ne, na manta ban cire ba.

Ta faɗi sunan ciwon a gabansa. Ta ce ba mantuwa ce ke fara zuwa ba, hali ne ke fara tafiya, shi ya sa iyali kan daɗe suna zaton wulaƙanci ne. Ta ce babu maganin da ke mayar da abin da ya tafi. Ta yi maganar mota, da wuta a kicin, da cewa in nemi mai taimaka mini tun yanzu. Malam ya tambaya ko alewar da ke cikin kwanon teburinta ta mutane ce. Ta ce e. Ya juye duka a aljihu.

Laraba, da yamma

Yayan Malam ya zo. Na yi masa bayani iya yadda zan iya. Ya saurara yana girgiza kai, ya ce shi bai yarda ba, mutumin da ke lissafi kamar kwamfuta a ce kansa ya taɓu? Ya ce ko dai hannu aka sa masa, ko kuma wani abu ne tsakaninmu da ba na son faɗa. Ya ce mu masu boko komai sai mun sa masa suna.

Ban yi gardama ba. Na kawo shayi.

Ya shiga falo ya zauna kusa da ƙanensa, ya dinga jan shi da hirar da, gidan da suka tashi, ranar da suka ɓata a kasuwa suna yara, mahaifiyarsu. Malam ya tuna komai, har launin ƙofar gidan. Da Yaya ya zo kan rasuwarta muryarsa ta karye. Malam ya miƙa hannu ya ɗauke biskit ɗin da ke gaban Yaya ya ce, "Ba ka ci?"

A bakin mota Yaya ya daɗe yana neman makulli a aljihun da ba ya ciki. Ya ce in na bukaci wani abu, ko wane lokaci ne. Bai ƙara maganar hannu ba.

Alhamis, da safe

Na ɓoye makullin mota a cikin tukunyar da ba ma amfani da ita. Ya nema, ya nema, ya haƙura. Ko faɗa bai yi ba. Da ma ya yi faɗa.

Asabar, da yamma

Na je gidan 'yar fari. Mijinta ya gaishe ni ya ba mu wuri. Ɗakin da suka shirya wa jaririn a rufe yake, na ga ta bi ta ɗaya gefen don kada ta wuce ƙofarsa.

Na gaya mata. Na ɗauki takarda na zana mata kai, na nuna mata wurin, na ce nan ne ke sa mutum ya ga fuskar wani ya ji abin da yake ji, nan ne ke riƙe harshe. Na ce ranar nan da ya shigo ɗakin asibiti ya tarar da ke a kwance, ya ɗauki lemon da ke gefen gadonki ya shanye, ya ce mu tashi mu tafi za a fara ƙwallo, ba babanki ne ya ƙi ki ba. Wurin ne babu.

Na zaci za ta yi kuka. Ta daɗe tana kallon zanen. Sai ta ce, "Ke da kike duba kawunan mutane kullum, Umma, ba ki gani ba?"

Na ajiye biron. Ta ce in yafe mata, ba haka take nufi ba. Na ce na sani.

Can ta ce, "To in wannan nama ne ya yi, wancan fa? Duk abin da ya yi mini tun ina yarinya, shi ma naman ne? Da ya cika sai ya so ni, da ya motse sai ya daina?"

Shekara da shekaru wannan tambayar ce aikina. Na rubuta takardu a kanta, na tsaya gaban jama'a na yi bayani da jadawali. Na buɗe baki in ba ta amsa, na ji duk abin da zan faɗa na ɗakin taro ne. Na ce ban sani ba. Ta ninke takardar ƙanana ƙanana ta riƙe a hannu. Ba ta ce za ta zo ba.

Lahadi, da hantsi

Ban tashi da wuri ba. Ya sha shayi shi kaɗai, ya bar firij a buɗe.

Talata, da azahar

Farfesa ya ce dole a cire Malam daga binciken, hotonsa na yanzu da na da. Na san haka, ba za a lissafa shi cikin masu lafiya ba. Amma na ce na da kuma me ya yi? Ya ce tunda yanzu a matsayin iyali nake, ina da damar gani in ina so.

Ya jera su gefe da gefe. Na farkon kyakkyawa ne, cike. In ba ka san inda za ka duba ba, ka wuce. Amma yanzu mun san inda za mu duba. A dama, can gaba, rami ɗaya ya ɗan fi ɗan'uwansa buɗewa. Kaɗan ne ƙwarai. Farfesa ya ce ba wanda zai kira wannan ciwo a lokacin, shi ma ya duba ya sa hannu. Ya ce mai yiwuwa ya riga ya fara, mai yiwuwa kuma haka aka halicce shi, ba za a taɓa sani ba.

Na duba shekarar da ke ƙasan hoton. Shekarar da Inna ta kwanta ce, mahaifiyata. Shi ya ce a dawo da ita gidanmu. Shi ke ɗaga ta, shi ke ba ta abinci a baki in ta ƙi karɓa daga hannuna, ya zauna yana yi mata hira har ta yi barci, da safe ya tafi aji. Ranar da ta cika shi ya rufe mata ido, ni na kasa.

In ya riga ya fara a lokacin, to da abin da ya rage masa ya yi duk wannan. In kuma bai fara ba, shi ke nan, mutumin kirki ne mai cikakken kai. Ban san wanne nake so ya zama ba. Farfesa ya ce da aka cire shi sakamakon bai motsa ba ko kaɗan, mutum ɗaya ba ya canja lissafi. Don ya kwantar mini da hankali ya faɗa.

Laraba, da safe

Na fito na same shi a bakin get, ya sa rigar aiki, ya ɗauki jakarsa, biro biyu a aljihu. Na ce Malam, ai kana hutu. Ya ce yau akwai aji na uku. Na ce an ba wani. Ya ce to. Ya ci gaba da tsayuwa. Yaran unguwa suna wucewa da kayan makaranta suna gaishe shi, yana kallonsu. Na fito da kujera na ajiye masa, na kira ofis na ce zan makara.

Alhamis, da yamma

Na yi wa 'yar fari saƙo, na gaya mata maganar hoton farko da shekarar Inna. Ban ƙara komai a kai ba. Ta karanta. Ba ta amsa ba.

Juma'a, da azahar

Ba ta amsa ba.

Lahadi, bayan la'asar

Ta zo. Ba ta sanar ba, sallamarta kawai na ji ina wanke-wanke.

Ta rame. Ta tsaya a ƙofar falo ta ce, "Baba, ina wuni." Ya ce lafiya. Ya dubi ledar hannunta ya ce me ta kawo. Kek ne, ta miƙa masa, ya buɗe ya fara ci da hannu, idonsa a kan talabijin. Ta tsaya tana kallonsa. Na yi niyyar in ja ta kicin, sai ta ajiye jaka ta ce, "Umma, ina abin yanke farce? Dubi hannunsa."

Ban lura sun yi tsawo haka ba.

Ta jawo ƙaramar kujera ta zauna a gabansa, ta ɗora hannunsa na hagu a gwiwarta. Ta fara da ƙaramin yatsa. Tana yi tana magana, kanta a sunkuye, murya ƙasa ƙasa. Na tsaya a bakin ƙofa da soso a hannu. Ta gaya masa jaririn da ta rasa namiji ne. Ta ce an ba ta shi ta riƙe, yana da gashi da yawa, yatsunsa dogaye. Ta ce sunan Malam suka yi niyyar sa masa. Ta faɗi yadda dare yake yi mata, da yadda take jin kunyar fita saboda masu tambaya. Abubuwan da ko ni ba ta gaya wa ba. Shi yana tauna, yana kallon masu talla a allo. Sau ɗaya ya ce a ƙara murya. Ta ɗauki rimot ta ƙara, ta ci gaba daga inda ta tsaya, har ta kai ƙarshe.

Daga baya a kicin ta wanke fuska ta ce, "Da ma shi nake so in gaya wa." Ta ce za ta dinga zuwa ran Asabar in samu in fita, ko in kwanta. Na ce to. Mun shanya kofuna.

Abu ɗaya ya rage. Da ta gama hannun hagu ta sake shi, tana kakkaɓe zaninta, sai ya goge na daman a rigarsa ya ɗora mata a gwiwa, tun ba ta tambaya ba. Idonsa bai bar talabijin ba. Ta ɗago ta dube ni. Na san abin da take tambaya, na kuma san abin da Likita za ta ce, da abin da ni kaina zan ce in a ofis ne.

Ban ce yana nufin wani abu ba. Ya faru ne, na rubuta.